Giginyar Bana da Inuwarta

Tun muna yara muke jin manya na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Idan attajiri ya cika baƙi da alheri ya bar danginsa da yunwa, da wannan magana ake yi masa zambo. Idan ɗan gari ya samu muƙami a birni ya manta hanyar gida, ita ake jefa masa. Da haka na girma, ina kallon giginya a matsayin itaciyar da ba ta san nata ba. Sai da tafiya ta kai ni Bana, cikin ƙasar Gaya, na kwana na tashi a tsakanin mutanen da giginya ke ciyarwa, sannan na gane cewa rabin labari karin maganar ta faɗa. Ɗaya rabin yana bakin manoman da ke zaune a gindinta, kuma a cikinsa akwai darasi babba game da yadda ake riƙon gari.

Bana tana can ƙuryar kudancin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Dosso, arewa maso gabas da garin Gaya. Wanda ya tsaya a nan, Najeriya na gabas da shi, Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa. Idan ya gangara Gaya kuwa, kogin Kwara ne kawai, wanda mutanen nan ke ce wa Isa, ya raba shi da Malanville ta ƙasar Benin, ga gada a kansa tun 1958. Ƙasar Dandi ke nan, inda Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani suka cuɗanya tun zamanin da fataken goro ke ratsawa daga Kano zuwa Gwanja. Duk faɗin Nijar babu inda ya kai wannan yanki samun ruwan sama, don damina mai kyau takan ba shi milimita 800. Ga kuma manyan kwaruruka biyu: Dallol Mauri da ya gangaro daga ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, da Dallol Foga mai gishiri, waɗanda ke haɗuwa a wannan yanki kafin su nufi kogi. A fadamunsu ruwa na kusa, shi ya sa za ka ga rake da dankali da rogo da shinkafa da mangwaro, a tudu kuma hatsi da dawa da wake da gyaɗa. Gishirin Foga kuwa tsohuwar sana'a ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya ratsa kwarin a 1853 ya tarar ana dafa shi, kuma har yau mata na kankare ƙasar, su tace, su ɗora a wuta.

Amma sarauniyar wannan kwari giginya ce. Tun daga nesa take yi maka maraba, dubbai a tsaitsaye cikin gonaki, kowace da tuluwar cikinta da kambin ganyenta.

Da sassafe, cikin marka, na fita bayan gari. Rana ta ɗan ɗago, sai na ga abin da karin maganar ke nufi ƙiri-ƙiri: ga giginya a tsakiyar gona, ga inuwar kanta ta tsallake iyaka ta faɗa gonar maƙwabci. Mai gonar dattijo ne, yana maimai. Na yi masa barka da aiki, muka gaisa, muka tambayi juna iyali da damina. Sai na ce masa, “Baba, ashe Bahaushe bai yi ƙarya ba. Ga giginya a gonarka, ga inuwarta a gonar wani.”

Ya dogara da ƙotar hauyarsa ya dube ni. “Ɗana, wanda ya yi wannan magana matafiyi ne, inuwa ya zo nema. Ni manomi ne. Da a gindinta take ajiye inuwarta, da hatsina bai yi ba. Dubi ƙarƙashin mangwaron can, me ya tsiro? Ita ta ɗauke inuwarta ta yi sama da ita, ta bar mini rana, sannan ta jefo mini ’ya’ya.”

Na duba, haka ne. Hatsi ya yi shar har jikin kututturen. Sai ya shiga lissafa mini abin da na kusa ke samu. ’Ya’yanta idan sun nuna sun yi ja, yara su sha, a dama kunu da su. Ƙwallon a tara a binne, bayan watanni a tono muruci, a dafa, mata su kai kasuwa, har motoci su ɗauka zuwa birane. Ganyen a yi tabarma da igiya da rufi. Sandunan ganye a yi kujera da gado da shinge, sauran a hura wuta. Idan ta tsufa aka sare ta, a tsaga a fitar da azara wadda gara ba ta iya ci, musamman ta namijin giginya, don itaciyar nan da namiji da mace take, macen ce mai ’ya’ya, namijin ya fi ƙarfin itace. Soron da aka rufa da irin wannan azara, jika kan gaje shi daga kaka.

Sai dai duk wannan alheri ba ya zuwa da gaggawa. Ƙwallon giginya idan ya tsiro, ƙasa yake fara nufa. Shekaru takan yi tana ’yar ganye biyu uku a doron ƙasa, akuya na iya cinye ta, wutar daji na iya lashe ta, mai noma na iya kai mata hauya bai ma lura ba. A duk tsawon lokacin nan saiwa take kafawa. Sai ta gama shiri a ƙasa take ɗago gangar jiki, sannan a yi ta jira kafin ta fara haihuwa. Wanda ya bar ƙaramar giginya a gonarsa, ya san cewa ’ya’yansa ne za su fi shi cin moriyarta.

Can cikin hira sai dattijon ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ya ce, “Akwai lokacin da muka juya mata baya.”

Labarin sananne ne a duk ƙasar nan. Turawan mulkin mallaka na Faransa sun kafa dokar daji a 1935, bayan ’yancin kai kuma Nijar ta yi tata a 1974, aka sa giginya cikin itatuwan da hukuma ke karewa. Niyyar kirki ce, amma ga yadda ta sauka a ƙauye: itaciyar da ke tsaye a gonar kakanka ta zama ta gwamnati. Kai da ka yi mata shinge tana ƙarama, idan ka taɓa ta ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Ɗan kasuwa kuwa ya taho daga birni da takardar izini a aljihu, ya sare, ya tsaga, ya cika mota da azara, ya wuce, ya bar maka kututture da tattakakkiyar gona. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara, wani ya zo ya kwashe ribarsa? Sai manomi ya daina kula da masu tasowa. Manya na faɗuwa, ƙanana ba sa maye gurbinsu, daji ya fara sanƙo. A wannan zamanin kam karin maganar ta tabbata, na nesa ne ya sha, amma ba giginya ce ta zaɓi haka ba, tsarin da aka ɗora mata ne.

Abin ya fara sauyawa ne a shekarun 1990, lokacin da aka dawo da riƙon dazuzzukan giginyar Gaya hannun mutanen ƙauyukan da ke cikinsu, da tallafin ƙasar Suwizalan. Aka kafa kwamitocin gari, aka zaɓi ’yan tsaro daga cikin matasan wurin, aka tsara waɗanda za a sara da waɗanda za a bari, aka ce wani kaso na kuɗin azara ya zauna a ƙauye a yi aikin gayya da shi. Ba a kawo sabon iri daga Turai ba, ruwan sama ma bai ƙaru ba. Abu guda ne ya canza: manomi ya sake jin cewa itaciyar tasa ce. Daga nan ’yan ƙanana suka fara tsira a gonaki. Irin wannan ne ya faru a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka raya toho a gonakinsu da zarar sun tabbata ba za a ƙwace musu ba, har aka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa.

Da na bar gonar na shigo gari, na wuce ta gaban ofishin magajin gari, wanda a nan ake ce wa meri. Ɗan gini ne mai tuta. Ina kallonsa sai maganar dattijon ta dawo mini, na ga ashe wannan ma giginya ce, kuma duk abin da ya sami waccan yana iya samun wannan.

Bana ƙaramar hukumar karkara ce, ɗaya daga cikin shida da ke ƙarƙashin Gaya, tare da Bengu da Tunuga da Tanda da Yelu da Gaya kanta. Dokar 2002 ce ta yanka ƙasar Nijar zuwa ƙananan hukumomi 265, 213 na karkara, 52 na birane. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a 1999, bai kai labari ba, sai ranar 24 ga Yulin 2004 talakan ƙauye ya jefa ƙuri'ar da ta ba shi kansilolinsa na farko. Kafin a rusa majalisun a 2024, tsarin shi ne jama'a su zaɓi kansiloli, aƙalla 11 a ƙaramar hukumar da ba ta da yawan mutane, su kuma kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu, wa'adinsu shekara 5. Sarki yana da mazauni a majalisar, yana ba da shawara amma ba ya jefa ƙuri'a. Masu gari ne ke karɓo harajin kai, wato lanho, daga magidanta. A meri ake yin takardar haihuwa da ta aure da ta mutuwa, ita ke karɓar kuɗin kasuwa da na tasha, ita ke da kwamitin filaye mai shaida cinikin gona da shata burtali, bisa dokar karkara ta 1993. A 2016 gwamnati ta ce ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli. A takarda, mai ɗaki ne aka ba damar toshe inda ke masa yoyo.

Irin wannan tsari daga Faransa aka ɗebo shi, kuma yana da kyau mu leƙa mu ga yadda uwar itaciyar take a gidansu. Dokar 14 ga Disambar 1789, a farkon juyin juya halinsu, ita ce ta ba kowane gari da kowane ƙauye hukumarsa. Yau suna da irin waɗannan kusan 35,000, kuma kusan rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Ƙauyen da bai kai mutum 100 ba ma yana da kansiloli 7, har da magajin gari a cikinsu, ana zaɓensu duk shekara 6. Sau da yawa magajin garin manomi ne, ko malamin makaranta da ya yi ritaya, kansilolin kuma akasarinsu ba albashi suke ɗauka ba. Shi ke ɗaura aure, shi ke rubuta haihuwa, hukumarsa ke kula da ginin makarantar firamare da ’yan hanyoyin gari da maƙabarta. Idan majalisa za ta zauna, ƙofa a buɗe take ga duk mai son saurare. Su ma suna da nasu ciwon: matasa sun tafi birane, makarantu na rufewa saboda ƙarancin yara, likita ya yi nisa, har ƙauyuka na haɗa kai kafin su iya ɗaukar nauyin ruwa da shara. Amma duk da sarakuna da yaƙe-yaƙe da jamhuriya biyar da suka wuce ta kansu, ɗan ofishin ƙauye na nan da tutarsa.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, kusanci. Baƙauyen Faransa ya san gidan magajin garinsa, yana haɗuwa da shi a wurin sayen burodi, idan hanya ta lalace ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu kuwa ƙaramar hukuma guda ta haɗa ƙauyuka da rugage masu yawa, wani sai ya hau babur ya biya kuɗi kafin ya ga tutar meri. A Najeriya abin ya fi haka faɗi, don ƙananan hukumomi 774 ne ke ɗauke da mutane fiye da miliyan 200. Na biyu, shekaru. Tasu ta haura shekara 230 tana kafa saiwa. Tamu a ƙauyukan Nijar daga 2004 ta tsiro. A lissafin giginya, wannan ’yar ganye ce da ba ta daɗe da ɗago kai ba. Wanda ya tsaya a kanta yana tambayar ina azara, bai san itaciyar ba. Wanda kuma ya ce tun da ba ta ba da azara ba a tumɓuke ta, ya fi shi kuskure.

Wannan ba ya nufin mu rufe ido ga aibu. A ƙasashenmu an sha ganin shugaban da aka zaɓa a ƙauye ya koma birni da zama, sai ranar kasuwa ake ganin ƙurar motarsa. An sha ganin mai karɓar kuɗin kasuwa ya amshi dala ashirin bai yanka tikiti ba. An sha ganin kasafin da aka rubuta da Faransanci ko Turanci, aka karanta shi a gaban kansilolin da rabinsu ba sa jin harshen, aka ce a ɗaga hannu. An sha ganin babbar gwamnati ta miƙo aiki ta riƙe kuɗin yinsa, rijiya ta bayar guga ya hana. A maƙwabciyarmu Najeriya sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, saboda shekarun da jihohi suka yi suna riƙe da shi. Duk inda haka ta faru, inuwar ta tafi nesa kuma ’ya’yan ma ba su faɗo a gindi ba. Irin wannan shugabanci ko giginya ba ta yarda a kwatanta shi da ita ba, don ita dai ba ta hana na kusa da ita abinci.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: mu ma talakawa da namu laifin, kuma muruci ne ya nuna mini shi. Muruci daɗi gare shi, kuɗinsa kuma na hannu ne. Sai dai kowane muruci da aka dafa, giginya ce guda da ba za ta tsaya ba. Idan aka tsince ƙwallon daji kaf aka binne don kasuwa, bana za a ji daɗi, amma ranar da tsofaffin itatuwa suka ƙare babu magada. Shi ya sa masu hankali a kwarin nan ke cewa a ci wasu a bar wasu. Haka ƙuri'a take. Wanda ya sayar da ita a kan sabulu da turmin atamfa da jaka biyu, murucin shekara biyar ya dafa ya cinye a yini ɗaya. Wanda ya ɓuya ranar da mai gari ke karɓar lanho, sannan ya zo yana kukan cewa ajin ’ya’yansa na zana ne, shi ma iri ya cinye. Wanda ya ba da kuɗin kasuwa ya ce a bar tikitin don a rage masa, ya taya ɓarawo ɗaukar kaya. Uban da aka yi wa haihuwa, ya yanka rago ya tara jama'a, amma bai je an rubuta yaron ba, sai ranar jarrabawa ya tashi yana faɗi-tashi tsakanin meri da kotu, ya ɗora wa ɗansa wahalar da tafiyar yini guda za ta kawar. Idan muka ce meri ta gwamnati ce, ba ruwanmu, mun koma zamanin da manomi ke kallon ƙaramar giginya yana kai mata hauya.

Shekarun nan sun gwada mutanen wannan yanki gwaji mai tsanani. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya sauka, aka rufe iyakar Kamba da ta Malanville gaba ɗaya. An buɗe ta Najeriya a Maris na 2024, amma gadar Gaya ta daɗe a toshe, manyan motocin da ke tasowa daga Kwatano suka daina wucewa, mutane suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Direba da ɗan dako da mai tuwo-tuwo da ɗan kabu-kabu duk sun ji a jikinsu. Hukuncin daga manyan birane ya fito, babu wanda ya tambayi mai rake a Bengu ko mai gishiri a Foga. A irin wannan rana me ya rage wa mutum? Abin da ke kusa da shi: fadamarsa, rumbunsa, rijiyar garinsu, ɗakin shan maganin da zai iya kaiwa da ƙafa, kasuwar mako da ba ta buƙatar fasfo. Waɗannan kuwa su ne ainihin aikin hukumar kusa. Ranar da na nesa ya rufe ƙofa, ranar ake sanin darajar abin da aka shuka a gida.

A watan Afrilun 2024 mahukuntan soja suka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, suka naɗa masu riƙo. A cikin waɗanda aka naɗa akwai masu ƙwazo da tsoron Allah, kuma duk wanda ya yi aikin kirki ya cancanci a yaba masa. Amma darasin kwarin giginya bai canza ba. Ma'aikacin gandun daji ma yana iya zama mutumin kirki, duk da haka daji bai farfaɗo ba sai da mai gona ya ji nasa ne. Wanda aka naɗa daga sama, idonsa na kan wanda ya naɗa shi. Wanda aka zaɓa daga ƙasa, ko ba ya so, sai ya dawo ya haɗa ido da waɗanda suka zaɓe shi, a masallaci da wurin suna da wurin jana'iza. Fatana shi ne wannan riƙo ya zama na ɗan lokaci, a mayar wa mutanen ƙauye da damar zaɓen masu riƙe musu gari, don itaciyar da ake tumɓukewa ana sake dasawa duk bayan ’yan shekaru ba ta taɓa yin saiwa.

Ga wanda Allah ya ɗora wa riƙon gari kuwa, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, sarki ne ko mai gari ko kansila, giginya ta isa malama. Ta yi tsawo, amma ba ta danne abin da ke ƙarƙashinta. Ba ta tare wa hatsi rana, ba ta hana wake yaɗo. Akwai shugaban da ke son komai ya bi ta hannunsa, ƙungiyar mata ba ta motsi sai da izininsa, matasa ba sa gyara hanya sai an sa sunansa, kwamitin rijiya sai ɗan ɗakinsa. Wannan inuwar mangwaro ce, sanyi gare ta ga mai zama, amma ba abin da ke tsiro a ƙarƙashinta. Shugaban kirki shi ne wanda jama'a ke girma a gindinsa. Ya zauna cikin garin da yake mulka, ya sha ruwan da suke sha. Ya sa a karanta kasafi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a bainar jama'a, a faɗi abin da ya shigo daga kasuwa da abin da aka yi da shi. Ya shata burtali tun kafin kaka, ya zaunar da manomi da makiyayi tun ba a zub da jini ba. Ya tuna da ƙauyen da ke can bakin iyaka, wanda damina ke yanke wa hanya, kamar yadda yake tunawa da unguwar da ofishinsa yake.

Mu kuma da muke gindin itaciyar, aikinmu a fili yake. Mu biya abin da ya wajaba a kanmu, mu karɓi takardar shaida, mu adana ta. Idan majalisa ko mai riƙo ya kira taro, mu je, mu zauna, mu yi tambaya cikin ladabi: nawa aka tara, ina aka kai? Tambaya ba rashin kunya ba ce, mai kaya ne ke tambayar kayansa. Mu rubuta ’ya’yanmu tun suna cikin zanen goyo. Mu bar mata su yi magana a taron gari, don su ne ke ɗebo ruwa, su ke dafa gishiri da muruci, su ke kwana a ɗakin shan magani da yara, sun fi kowa sanin inda ke yoyo. ’Yan garin da ke Yamai da Kwatano da Legas kuma, kada ku bari a yi muku zambo da inuwar giginya. Ku jefo ’ya’ya gida: aji guda, gyaran famfo guda, ko ilimin da zai taya kansila fahimtar takardar da aka miƙa masa.

Kafin in bar Bana na koma na yi wa dattijon nan sallama. Na tarar ya kewaye wata ’yar giginya da ƙaya, ganyenta bai wuce gwiwa ba. Na ce, “Baba, wannan kuwa yaushe za a ci moriyarta?” Ya ce, “Waɗanda nake ci yau, ni na shuka su? Allah Ya kai mai rabo.”

A rubuce, sunan garin nan ya yi daidai da kalmarmu ta shekarar da muke ciki. Amma abin da na koya a cikinsa na baɗi ne da shekarun da ke bayan baɗi. Gari ba ya gyaruwa a damina ɗaya, kuma ba ya gyaruwa a hannun wanda bai ɗauke shi nasa ba. Ɗan'uwa mai karatu, ko a Bana kake, ko a Kamba, ko a wani ƙauyen Katsina ko Maraɗi, akwai ’yar giginya a ƙofar gidanka: makarantar garinku, rijiyarku, kasuwarku, ofishin ƙaramar hukumarku. Taka ce. Ka kewaye ta da ƙaya tun bana, domin jikokinka su samu azarar rufin ɗaki. Allah Ya ba mu shugabanni masu jefo ’ya’ya a gindinsu, Ya ba mu haƙurin reno.